Jan Shayin Baban Barewa

Ran da Barewa ta faɗi a filin wasan makaranta, babanta yana hawa na uku na ofishin masu auna filaye, yana ɗauraye kofuna. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aikin. Shi ke haɗa wa ma'aikata shayi, shi ke kai takardu daga tebur zuwa tebur, kuma ba a taɓa gaya masa sau biyu yadda mutum yake son kofinsa ba. Ya san mai cokali biyu na sukari, ya san mai rabin cokali, ya san wanda zai ce ba ya sha amma in an ajiye masa sai a tarar da kofin fanko. 'Yan ofis suna ce masa Injiniya, wai injiniyan buta. A gida kuwa Baban Barewa ne, don 'yarsa ɗaya ce, kuma tun tana shekara uku ba ta iya tafiya ba sai gudu, har sunan ya bi ta.

Malamar wasanni ce ta kira shi a waya. Mutumin da kullum sai ya koma sau biyu ya duba ko ya kashe gas kafin ya bar gida, ran nan famfo ya bari a buɗe ya sauka matakala bibbiyu.

A asibitin unguwa ya tarar da yarinyar zaune a kan benci tana karkaɗa ƙafa, kamar ba ita aka ɗauko ba.

"Baba, jiri ne kawai. Har ya wuce."

"Jiri ne kawai," in ji shi, yana taɓa goshinta, yana taɓa wuyanta, yana sake taɓa goshin.

Nas ɗin da ta duba ta babbar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta da gaggawa. Ta ja fatar idon Barewa ƙasa ta ce ya leƙa. Wurin da ya kamata ya zama ja, fari ne fat kamar cikin kofi. Aka ɗebi jini a yatsa, aka jira.

"Jininta tara ne," in ji nas. "Muna son sha biyu. Ba abin tashin hankali ba ne, 'yan mata masu shekarunta da yawa haka suke. Ga ƙwayoyi, ɗaya kullum. Amma ƙwaya ita kaɗai ba ta isa ba, sai da abinci: wake, ganye, hanta in an samu, ƙwai, kifi. Ku dawo bayan sati huɗu."

Barewa ta zaro wata takarda daga jakar makaranta, duk ta yamutse, ta shimfiɗa ta a kan tebur. Takardar gasar gudu ce tsakanin makarantu, saura sati goma sha ɗaya. An zaɓe ta a gudun mita dubu da ɗari biyar, amma sai asibiti ya sa hannu cewa lafiyarta lau.

Nas ta karanta, ta ninke, ta mayar mata.

"Ki ajiye ta da kyau. Ran da jini ya kai, da hannuna zan sa. Kafin nan ko bas ban yarda ki bi da gudu ba."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dai sunkuyar da kai tana kallon takalmanta, kuma wannan ya fi kuka ciwo a wurin babanta.

A hanyar komawa ya ce ta wuce gida, shi ya shiga babban kantin bakin titi. Ya daɗe a gaban kantar gwangwanaye. Can ya ga wani dogon gwangwanin garin ƙarin kuzari mai hoton mace tana tsinke zaren ƙarshen tsere, hannuwanta a sama. Gabansa ya faɗi da ya ji kuɗin, amma ya biya, ya rungumo shi kamar jariri.

Maman Barewa guga take yi a ɗakin wankin wani otal, tun safe take fita sai la'asar. Ya tarar ta dawo, ta ji labari daga bakin yarinyar, tana zaune a baranda ta tsoma ƙafafunta a ruwan sanyi. Ta karɓi gwangwanin, ta juya bayansa, ta nisanta shi da idonta tana karantawa.

"Baban Barewa, me aka fara rubutawa a nan?"

Ya duba. "Sukari."

"Na biyu fa?"

"Garin masara."

"To duk muna da su a cikin gidan nan. Nawa ka saya?"

Ya faɗa a hankali, yana kallon bokitin.

"Cefanen sati guda ke nan," in ji ta. "Ka sayo mana hoto. Matar tana da kyau kam, Allah ya ba ta lafiya. Amma ka mayar musu da ita tun ba a buɗe ba."

Mai kanti ya ce ba a mayar da kuɗi, sai dai musanya. Ya dawo da mai, da shinkafa, da ƙwai, yana jin kunyar kansa.

Washegari bayan tashi daga aiki ya nufi kasuwa, wurin da rabonsa da shiga tun kafin a haifi Barewa. Ya tsaya gaban wata tsohuwa mai sayar da ganye, ya tambayi kuɗin damin alayyafo, ya ɗaga, ya ajiye, ya sake ɗagawa.

"Malam, saya za ka yi ko auna nauyinsa ka zo yi?"

Sai ya tsinci kansa yana ba ta labarin duka, har da takardar gasar. Mama mai ganye ta saurare shi tana yayyafa wa kayanta ruwa.

"To ka ji. Kada ka ƙara zuwa da wuri. Ka bari sai rana ta karkata, ganye ya langaɓe, kowa yana son ya kwashe ya tafi gida. Lokacin rabin kuɗi ne. In ka je gida ka tsoma shi a ruwan sanyi, zai miƙe kamar ba shi ba. Wake kuma ka je wurin mai buhunan can, ka ce fasasshen gindin buhu kake so. Masu kuɗi ba sa sayensa don ba shi da kyan gani, amma tukunya ba ta da ido. Ƙananan busassun kifin nan da kake rainawa, a daka su har ƙaya a zuba a miya. Hanta sau ɗaya a sati ta isa, guntu kamar tafin hannunka, kuma ta yarinyar ce, ba taka ba."

"Ni ai ba na cin hanta, Mama."

"Haka duk kuke cewa sai an soya."

Daga nan gidan ya canja. Da ma bas biyu yake shiga in zai dawo, sai ya daina shiga na biyun, yana takowa daga mahaɗar titi zuwa kasuwa, abin da ya rage a aljihu ya tafi ga ganye da ƙwai. Da matar ta tambaya sai ya ce tumbi yake son ragewa. Ta dubi cikinsa da yake a shafe kamar faranti. Da yamma sukan zauna su uku a baranda suna tsince tsakuwa daga fasasshen wake, Barewa tana ƙorafin cewa nan gaba in ta yi atishawa wake ne zai fito. Lemun kwalba ya ɓace daga gidan, biskit ma haka. Maman Barewa ta koyi dafa wake kala huɗu don kada a gaji da shi: yau da shinkafa, gobe da kabewa, jibi a markaɗe a soya, gata a cikin miyar ganye.

Duk wannan dabarar mata ce, ta nas da ta mai ganye da ta uwar yarinya. Baban Barewa yana son ya sa wani abu nasa na kansa, kuma abu ɗaya ya iya a duniya fiye da kowa.

Tunda matar tana fita da sassafe, karin kumallo a hannunsa yake. Sai ya riƙa haɗa wa yarinyar shayi irin wanda ko manajan ofis ba ya samu. Ba madara. Yakan zuba ganyen shayi cokali biyu a 'yar buta, ya rufe, ya lulluɓe da tawul, ya bar shi ya jiƙu har sai ya yi ja wur. Sannan ya tsiyaya a kofin gilashi, ya ɗaga shi saitin taga.

"Dubi kalarsa. Me ya yi miki kama da shi?"

"Jini, Baba. Jiya ma ka tambaye ni."

"To shanye. Ki kora ƙwayar da shi."

Ba wanda ya gaya masa haka. Shi dai a ransa abin a fili yake: abu ja, mai ɗumi, mai ƙarfi, ina zai tafi a jikin mutum in ba cikin jini ba? Da rana yakan cika mata ƙaramin fulas ta tafi da shi makaranta ta sha da abincinta. Da yamma in an zuba wake da ganye, kofin yana gefen farantinta yana tururi. Barewa takan yamutsa fuska don ɗacinsa, amma in ta ga yadda yake kallonta sai ta ɗaga kofin ta shanye har ƙasa.

Sati huɗu suka cika. Ya nemi izinin rabin yini a ofis, ya sa rigarsa mai kyau. A hanya yana ta satar kallon fuskar yarinyar, yana ganin kamar ta yi ja, yana kuma ganin kamar ba ta yi ba.

Nas ta dubi sakamakon, ta gyara tabarau, ta sake duba.

"Tara da ɗigo biyu."

Ya tuna tafiyar ƙasa, ya tuna tsintar wake, ya tuna hantar da yake yankawa ƙanana don ta yi auki.

"Tana shan ƙwayar?"

"Kullum. A gabana."

"Abinci fa? Gaya mini abin da ta ci jiya, tun daga safe."

Ya jero mata kamar yadda yake jero kofunan 'yan ofis, bai tsallake ko ɗaya ba: ƙwai da burodi, wake da shinkafa, miyar ganye da dakakken kifi. Ya koma shekaranjiya, ya koma ranar hanta. Nas tana gyaɗa kai, goshinta yana ƙara tattarewa.

"Wannan ai ya fi abin da nake ci a gidana. To ina jinin yake tafiya? Watakila sai mun tura ku babban asibiti a yi wasu gwaje-gwaje."

Kalmar babban asibiti ta sauka masa a ƙirji kamar dutse. Barewa ta ga fuskarsa, ta so ta taimake shi.

"Kuma ga shayin Baba ma," in ji ta. "Sau uku a rana. Wallahi yana ƙoƙari."

Nas ta ajiye biro.

"Wane shayi?"

"Baƙin shayi, ranki ya daɗe," in ji shi, muryarsa ta ɗan dawo. "Mai kauri. Aikina ke nan. Ina barinsa ya jiƙu sosai har ya yi ja."

"Yaushe take sha?"

"Da abinci. Da shi ma take kora ƙwayar."

Nas ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. Ta daɗe tana kallonsa, ba da fushi ba.

"Malam, laifina ne da ban faɗa muku tun farko ba. Abin da ke cikin wake da ganye da ƙwayar nan, wanda jiki yake yin jini da shi, shayi mai kauri kama shi yake yi a cikin ciki ya hana shi shiga jiki. Kuna zubawa ta ƙofa, shayi yana fitarwa ta taga."

Bai gane nan take ba. Da ya gane, sai ya dubi hannuwansa da ke kan gwiwa.

"Amma ja ne," in ji shi a hankali.

"Ja ne. Fentin ƙofar nan ma ja ne."

Barewa ta toshe baki da hannu. Nas ta ci gaba: ƙwaya da ruwa za a sha, ko da lemun zaƙi in an samu. A matsa lemun tsami a kan wake da ganye bayan an sauke, ko a yanka ɗanyen tumatir a gefe, don tsami yana taimaka wa jiki ya karɓa. Shayi ba a hana ba, amma sai an yi awa biyu da cin abinci, kuma marar kauri. Su dawo bayan sati shida. In bai hau ba a lokacin, sai babban asibiti, kuma maganar gasa ta wuce.

Sati shida, gasa kuma saura bakwai.

Suka tako gida a ƙasa. A wajen mahaɗar titi ya tsaya kamar zai gyara takalmi.

"Wata guda na ɓata miki."

"Baba, ni fa na ji daɗi."

"Daɗin me?"

"Shayin nan ɗaci gare shi kamar maganin zazzaɓi. Ina tsoron faɗa maka ne."

Ya dube ta. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa kushe shayinsa a gabansa.

"Manaja ma yabonsa yake."

"Manaja yana zuba madara rabin gwangwani, kai ka faɗa."

Maman Barewa da ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe ɓarawon yana cikin gida, har da tawul ake lulluɓa masa. Da ta ga bai taya ta ba, sai ta matso da kujerarta kusa da tasa.

"Ni ma ai ina gani kullum ban ce komai ba. Da na sani da na faɗa. Tashi ka je kasuwa, rana ta karkata."

Da ya ba Mama mai ganye labari, ita ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ƙarƙashin teburinta ta jawo wani kwando na lemun tsami ƙanana, masu tabo a bawo, waɗanda ba mai ɗauka.

"Waɗannan sun fi manyan ruwa. Ka murza su a kan tebur da tafin hannu kafin ka yanka."

Ya ɗauki sabon aikin da irin natsuwar da yake haɗa shayi. Shi ke murza lemo, shi ke yankawa, shi ke tsame 'ya'yan da bakin cokali. Butar shayi ta koma saman kanta. In sun gama cin abincin yamma sai ya dubi agogon bango, ya faɗi lokacin a fili don kowa ya zama shaida. Yakan zauna yana juya kofin da babu komai a ciki, hannunsa ya rasa abin yi. Shi ma ya daina sha da abinci, wai kada ƙamshin ya ja ran yarinyar, ko da yake yarinyar ta rantse ba abin da yake ja mata.

A ofis akwai wata mai zanen taswira da ke da ciki, wadda kullum take kora ƙwayoyinta da shayinsa. Ran nan ya kawo mata kofin ruwa ya ajiye.

"Injiniya, yau kuma hukunci ne?"

"Shayinki yana zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Ki tambayi nas ɗinku, za ta gaya miki dalili."

A sati na uku ya lura Barewa ta daina kwanciya in ta dawo daga makaranta. A na huɗu ta hau matakalar gidan maƙwabta da bokiti cike ba ta tsaya hutawa ba. Bai ce komai ba, don tsoron kada bakinsa ya ɓata abin. Sau ɗaya dai, da safe, ya ce ta tsaya, ya ja fatar idonta ƙasa kamar yadda ya ga nas ta yi.

"Me ka gani, likita?"

"Ban sani ba. Hasken nan ba shi da kyau."

Ran komawa asibiti su uku suka je, don Maman Barewa ta yi musanyar aiki da abokiyarta. Aka ɗebi jini, aka jira. Ya ƙirga fale-falen silin ya sake ƙirgawa. Nas ta fito da takarda, ta zauna, ta sa tabarau, duk ba gaggawa.

"Sha biyu da ɗigo ɗaya. Ina takardar?"

Barewa ta riga ta shimfiɗa ta a kan tebur. Nas ta sa hannu, ta buga hatimi, ta ce a ci gaba da ƙwayar wata uku ko da an ga ta warware, abincin kuma ya zama na kullum. Ta kuma gargaɗi yarinyar cewa sati goma ba ta yi atisaye ba, kada ta kashe kanta a fili.

Baban Barewa ya matso kusa da teburin. Sai ya ɗauki takardar, ya hura hatimin don tawada ta bushe.

Ran gasa ya tsaya a bakin shingen waya tare da sauran iyaye, da jaka a rataye a kafaɗa. 'Yan mata goma sha biyu suka tashi. Zagaye na farko tana tsakiya, na biyu ta koma baya, zuciyarsa ta bi ta. A na ƙarshe ta wuce biyu, ta wuce ɗaya, ta shigo ta biyar. Ba ta faɗi ba. Ta dafa gwiwoyinta tana haki, sannan ta miƙe ta nufo su, fuskarta jawur, tana dariya.

"Baba, ka ga wadda na wuce a kwana? Bara ita ce ta biyu."

"Na gani. Jiri fa?"

"Babu. Ƙishi dai."

Ya miƙa mata ruwa ta sha. Ta leƙa jakar, ta ga kan fulas.

"Wancan fa?"

Ya dubi agogon hannunsa, leɓɓansa suna motsi.

"Ƙarfe nawa kika ci abinci?"

"Takwas, a gabanka."

"Yanzu sha ɗaya saura. Ya halatta."

Ya tsiyaya mata a murfin fulas. Shayin ruwa-ruwa ne, har ana hango gindin murfin. Ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Wannan ya fi daɗi."

"Wannan ba shayi ba ne," in ji shi. "Ruwan wanke buta ne."

Ya karɓi murfin ya ƙara mata.